Mai Sharar da Aka Ja wa Amawali

Ƙarfe shida da rabi take shigowa asibiti, ta ƙaramar ƙofar da ke bayan ɗakin wanki. Ba ta sauri. Gwiwarta ta hagu ta daina yarda da sauri tun shekara biyar da suka wuce, don haka idan ta iso matakala ukun nan sai ta dafa bango, ta hau ɗaya, ta numfasa, sannan ta ƙarasa. Ta rataye baƙin mayafinta a ƙusa, ta ɗauki bokiti biyu, shuɗi na ɗakin maza, ja na banɗaki, ta zuba ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta fara daga gado na ɗaya. Kafin likita ya zo zagaye ta gama ɗakin, ta kwashe kwandunan shara, ta san wanda ya yi barci da wanda ya kwana yana juyi, ta san wanda 'yan uwansa suka daina zuwa.

A takardar ɗaukar aiki an rubuta mai shara. Shekara talatin da ɗaya ke nan ba a ƙara ko harafi a kan wannan ba. Kowa Inna yake ce mata, sababbin ma'aikata kuma su ce Inna Buzuwa, har sai sun saba su yar da rabin. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Mu da muke ɗakin kati, tagarmu na kallon barandar da take wucewa sau ashirin a rana, mun ga bai kamata ta tafi shiru kamar yadda ta zo ba.

Ta zo garin nan tana budurwa, a shekarar farin da ya cinye dabbobin mutanenta. Ɗiyar maƙera ce. Ubanta yana ƙera azurfa da wuƙaƙe da sirdin raƙumi, uwarta tana ɗinka fata, jakunkuna da matasai masu tuntu. A wurin Buzaye maƙera suna zaune ne a gefen masu dabbobi, suna yi musu aiki, to da raƙuma suka mutu babu sirdin da za a gyara. Sai aka gangaro gari. Amma akwai wani aikin maƙera da bai mutu da raƙuma ba. Babban mutum a cikin masu dabbobin ba ya roƙo, ba ya kuka da yunwa, ba ya cewa wuri kaza ke yi masa ciwo. Idan yana son auren wata, maƙeri zai aika. Idan akwai magana mai nauyi da za a kai wani gida, maƙeri ne zai ɗauka, ya faɗe ta cikin wasa da tsokana, ba wanda zai riƙe shi. Mazan Buzaye ne ke rufe fuska, ba mata ba, kuma amawalin nan, gefen rawanin da ke rufe baki da hanci, yana da ma'auni: ana jan sa sama har gindin ido a gaban wanda ake girmamawa, musamman suruki, ana sassauta shi a gaban yara da maƙera, domin su ba a jin nauyinsu.

“Mu ne bakinsu,” in ji Inna, ranar da aka tambaye ta. “Su suna da kunya, mu muna da baki. Haka aka raba mana.”

Wannan bakin ta shigo da shi asibiti tare da tsintsiya. Babu wanda ya naɗa ta tafinta. An dai wayi gari duk lokacin da aka kawo mai baƙin rawani ko mace mai shuni a hannu, sai ka ji ana cewa a nemo Inna. Ta jingine tsintsiya ta tafi, ta dawo ta tarar da ruwan bokiti ya huce, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ungozomar ɗakin haihuwa tana ba da labarin wata Buzuwa da aka bari a benci awa biyu don ba ta yi ko nishi ba, an ɗauka naƙuda ba ta kankama ba. Inna ta zo wucewa, ta dubi yadda matar ta danƙe bakin benci har farcenta ya yi fari, ta ce a shiga da ita yanzu. Ba a kai minti goma ba aka ji kukan jariri. Mai ba da magani shi ma yana da nasa. Ya ce akwai tsofaffin mata da ba sa karanta boko ba sa karanta ajami, amma idan Inna ta karɓi biro ta yi musu wasu ɗige-ɗige da da'ira da 'yan sanduna a bayan ambulan, ba sa taɓa kuskuren na safe da na yamma. Rubutun mutanenta ne, wanda uwarta ta koya mata da yatsa a kan rairayi. Shi dai har yau bai iya karanta ko ɗaya ba.

Ke ce mai jin abin da ba a faɗa ba, Inna. Ke ce ake kira daga banɗaki da rigar hannu a jiƙe, ki zo ki tsaya tsakanin likita da mutuwa, sannan ki koma ki ƙarasa wanke banɗakin.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami ya faru ne wata biyu da suka wuce. Sista, shugabar nas-nas ta ɗakin maza, tana wurin daga farko har ƙarshe. Abin da aka faɗa da Buzanci kuwa Inna ce ta maimaita mana daga baya, tana murza gwiwa.

Gwiwar ce ta kwantar da ita kwana uku a gida. A cikin kwanakin aka kawo wani dattijo Buzu, dogo, busasshe, da zazzaɓi mai zafi, aka ba shi gado na bakwai. Wanda ya kawo shi wani direban babbar mota ne, shi ma Buzu, mai shekara arba'in da wani abu, yana jin Hausa sosai. Da yake dattijon ba ya jin komai sai yarensa, Sista ta kafa wa direban doka.

“Kada ka matsa daga gefen gadon nan. Idan likita ya zo ba ka nan, wa zai yi mana magana da shi?”

Direba ya ce to. Kuma bai matsa ba. Kwana uku yana kan kujerar roba, ya ɗan juya wa gadon kafaɗa, idonsa a ƙasa. Nas-nas har misali suke yi da shi, suna cewa da duk masu jinya haka suke da an huta.

Sai dai dattijon ba ya samun sauƙi. Ranar farko likita ya ce ya buɗe baki, ya juya fuska bango. Likita yana da mutum arba'in a gabansa, ya rubuta maganin zazzaɓi da ƙarin ruwa ya wuce. Kullum aka tambaye shi ina ke ciwo, direba ya sunkuya ya faɗa masa a hankali, dattijo ya amsa da kalma biyu daga bayan amawali, direba ya ɗago ya ce, “Ya ce alheri kawai.” Abinci ya zo ya koma yadda ya zo. Ƙwayar magani a ajiye masa, a dawo a tarar da ita. Jikinsa na ƙara zafi, numfashinsa ya fara fita da ƙara. Safiyar kwana na huɗu likita ya rufe fayil ya ce wa Sista, idan mutum ba zai sha magani ba, ba zai bari a duba shi ba, a ba su takarda su sa hannu su tafi gida. Akwai mutum biyu kwance a baranda suna jiran gado.

A safiyar ce Inna ta dawo, a makare saboda gwiwar. Ta fara daga gado na ɗaya kamar kullum, tana jan ƙafa. Da ta iso na bakwai ta sunkuya za ta goge ƙarƙashin 'yar durowar gefen gado, sai idonta ya faɗa kan kofin ruwa. Cike yake har baki, ƙura ta kwanta a samansa, har da ɗan ƙwaro ya mutu a ciki. Ta dubi dattijon. Amawali ya kai gindin ido, an ja shi tam, kansa a karkace gefe ɗaya kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Sannan hancinta ya kama wani wari da ta sani. Wanda ya yi shekara talatin yana kwashe bandeji ba ya kasa bambance warin mugunya da na gumi.

Ta dubi direban. Shi ma amawalinsa a sama yake, idanunsa sun zurma don yunwa da ƙishirwa.

“Ɗansa ne kai?” ta tambaye shi da yarensu.

Ya girgiza kai, bai ɗago ba. “Mijin 'yarsa.”

Inna ta jingine abin goge ƙasa a jikin gado. Ta ce a lokacin ji ta yi kamar ta zauna a ƙasa don gajiya. Buzu ba ya sauke amawali a gaban surukinsa, ba ya ci, ba ya sha, balle ya ce wayyo. Surukin ma haka. Aka haɗa mutum biyu masu jin nauyin juna a wuri ɗaya, aka ce ɗaya kada ya matsa. Shi direban ya san abin da ke faruwa sarai, amma ya buɗe baki ya ce wa baƙuwar mace surukinsa kunyarsa yake ji, wannan ma wata kunyar ce da ba zai iya ɗauka ba. Ya tashi ya fita kuma, an ce likita zai zo ya rasa mai magana. Sai suka zauna, kowa yana kashe ɗan uwansa da ladabi.

Ta samu Sista a tebur tana cike takardar sallama.

“Sista, ki aiki mutumin can.”

“Wane? Mai jinyar gado bakwai? Ina zan aike shi?”

“Ko ina. Nesa dai. Inda ake layi.”

“Inna, sallamarsu nake rubutawa.”

“Ajiye biron nan tukuna, 'yata. Ba ni rabin awa. In ban kawo miki komai ba, ni zan riƙe masa jaka har bakin titi.”

Sista ta dube ta ta saman tabarau. Shekara goma sha biyu suna aiki tare. Ta jawo takardar gwajin jini, ta kira direba, ta ce ya kai ɗakin gwaji da ke can ƙarshen asibiti, kada ya dawo sai da sakamako. Inna ta bi shi har ƙofa ta ce masa, “Akwai mai shayi a bakin get. Ka ci wani abu. Gawa biyu ba za ta shiga motarka ba.”

Sannan ta ja labule ya zagaye gadon, ta jawo kujerar da direba ya bari, ta zauna da ƙyar. Sista tana tsaye a bakin labule. Inna ta gaishe da dattijon gaisuwa mai tsawo irin tasu, ta tambayi mutanen gida, ta tambayi dabbobi, ta tambayi rijiya. Kowace tambaya amsa ɗaya: alheri kawai. Da ta gama sai ta canza murya.

“Ni ɗiyar maƙera ce. Ubana ya ƙera wa irinku takubba, uwata ta ɗinka wa iyayenku mata jakar aure. Ba ni da wata kunya da za ka ji.”

Idanun suka juyo suka tsaya a kanta.

“Rawanin nan naka mai kyau ne,” ta ce, tana shafa gefensa da yatsa. “Turkuɗi na gaske, shuninsa har sheƙi yake. In ka mutu gobe, mijin 'yarka zai gada. Na kuwa ga yadda yake naɗi, kamar an ɗaure kayan wanki. Haka za a riƙa yawo da rawaninka a tashar mota.”

Sista ta ce ba ta ji ko kalma ba, amma ta ga kafaɗar dattijon ta motsa, sau biyu, ya runtse ido don dariyar ta taɓa masa ciwo. Ya yi magana a karon farko fiye da kalma biyu, murya can ƙasa kamar daga cikin tulu.

“Maƙera har a nan.”

“Ina za ku je ba mu biyo ku ba? Wa zai yi muku magana? Sauke in gani.”

Ya dubi labulen da aka ja. Sannan ya ɗaga hannun da ba a sa wa allura ba, ya sa yatsa biyu ya ja amawalin ƙasa. Daga muƙamuƙinsa na dama har cikin wuya kumburi ne ya kai ƙwallon mangwaro, fatar ta yi sheƙi, bakin ba ya buɗuwa fiye da faɗin yatsa. Haƙori ne ya ruɓe tun a daji, ciwon ya gangara. Sista ta juya ta tafi kiran likita da gudu, ita da ke hana kowa gudu a ɗakin.

Da dattijo ya ji takun namiji sai hannunsa ya koma kan amawali. Inna ta riƙe hannun.

“A wurinku wa ke cire haƙori?”

“Maƙeri.”

“Wa ke tsaga maruru?”

“Maƙeri.”

“To wannan maƙerin gari ne. Da ƙarfe yake aiki, ubansa ma haka. Farar rigar kada ta ruɗe ka.”

Uban likitan malamin makaranta ne, amma ba wanda ya tsaya gyara wannan. Likita ya haska tocila, ya taɓa wuyan da yatsu, ya saurari numfashi. Ya miƙe ya ce a shirya ɗakin tiyata yanzu. Da ya fito daga bayan labule sai ya zauna a gefen gado na shida, abin da ba ya yi, ya tallafe goshi.

“Kwana uku ina ba shi maganin zazzaɓi,” ya ce. “Da ya kai gobe, da kumburin ya shaƙe shi. A mota zai mutu, da takardata a aljihunsa.”

“Ba ka gani ba ne, likita,” in ji Inna. “An rufe.”

“Me kika ce masa a kaina? Na ga yana kallona wani iri.”

“Na ce kai maƙeri ne.”

“Ƙarin girma ne ko ragi?”

“Ya danganta da wanda ka tambaya.”

Kafin azahar an tsaga, an cire haƙorin, an sa roba tana janye mugunya. Inna kuwa ta koma ta tarar da bokitinta inda ta bar shi, ta zubar da ruwan ta sake wani, ta ci gaba daga gado na takwas.

Daga ranar Sista ta sauya dokarta. Lokacin abinci da lokacin magani, direba ya fita ya sha iska. Shi ma ya samu ya riƙa cin nasa a bayan ɗakin wanki. Inna ce ke ba dattijon madara da cokali a kwanakin farko, tana yi masa tsiya a kan yadda babban mutum yake zubar da rabi a gemu. Wannan ma ba ya cikin takardar aikinta. Tana gamawa ta dafa ƙarfen gado ta miƙe, gwiwar ta yi ƙara, ta tsaya sai jirin ya wuce.

Bayan kwana tara aka sallame shi. Da safe ne, wajen ƙarfe goma, rana ta shigo baranda. Ya fito a hankali, direba na biye da jaka, taku uku a bayansa. Inna tana durƙushe a bakin matakala tana kankare wani abu da ya manne a siminti. Ga tagarmu, ga su. Tun da aka yi masa aiki amawalinsa a sassauce yake idan yana tare da ita, ƙasa da hanci, yadda ake yi a gaban maƙera. Ya zo daidai inda take ya tsaya. Ta ɗago. Bai ce na gode ba, irinsu ba sa faɗa. Ya sa hannu biyu ya gyara naɗin, ya kama amawalin ya ja shi sama, a hankali, ya wuce hanci, har gindin ido. Ya tsaya haka a gabanta, kansa a ɗan sunkuye, kamar yadda zai tsaya a gaban uwar matarsa. Sannan ya sauka matakala ya tafi.

Inna ba ta tashi ba. Ta zauna a kan matakalar, tsumma a hannu, tana kallon bayansu har suka fita get. Sista ta fito ta same ta.

“Gwiwar ce?”

“Gwiwar ce,” ta ce. Can kuma ta ce, “Ubana ya mutu da shekara tamanin, ba wanda ya taɓa ja masa amawali.” Ta goge ido da bayan hannu, ta miƙa wa Sista hannun. “Ɗaga ni, 'yata. Banɗaki na jira.”

Saura kwana goma sha ɗaya ta rataye bokitan nan ta tafi. Za a ɗauki wata mai shara, wannan ba wuya. Wanda zai karɓi ɗaya aikin ne ba a samu ba, don ba a taɓa rubuta cewa akwai shi ba. 'Ya'yanta a gari aka haife su, tana yi musu Buzanci suna amsa mata da Hausa. Da aka tambaye ta ko za a riƙa kiranta daga gida idan an kawo mutanenta, ta ce a kira, in ƙafar ta yarda. Ta faɗe shi ne kamar wadda ta san ƙafar ba za ta daɗe tana yarda ba. Abin da ya rage a hannunmu shi ne tambaya ɗaya da Sista ta sa a riƙa yi wa duk mai jinya tun a ɗakin kati: mene ne kai a wurinsa? Mu muke yin ta yanzu, muna rubuta amsar a saman kati da jan biro.

Inna, ɗiyar maƙera, bakin marasa baki, mun gode. Ke ce kika shigo da aikin kakanninki cikin ɗakin da ba wanda ya san sunan aikin, kika yi shi shekara talatin da ɗaya a tsakanin shara da shara. Allah ya ba gwiwar nan hutu, ya sa ki ga jikokin jikokinki, ya sa wata rana ɗaya daga cikinsu ya amsa miki da yarenki.

Mu kuma da za mu rage, likita da nas da mai kati da mai gadi, ba lallai mu iya Buzanci ba. Amma duk wanda ya shiga ɗakin mara lafiya zai iya yin abin da ta fara yi a gado na bakwai, kafin ta ce komai: ya sunkuya ya dubi kofin ruwan, ya ga ko an sha.